Wa Zai Tsaya Masa? Fashin Baƙi Kan Samar wa Tsofaffin Fursunoni Aikin Yi

A kowace rana akwai mutane fiye da miliyan 11 da ke tsare a gidajen yari a faɗin duniya, kuma in ban da 'yan kaɗan da za su ƙare rayuwarsu a can, duk sauran za su fito wata rana su koma cikin jama'a. Alƙali yana yanke hukunci ya faɗi ranar da wa'adi zai cika, amma babu mai iya faɗin ranar da mutane za su daina kallon wanda ya sha ɗauri da laifin da ya aikata, kuma wurin da wannan kallo ya fi yi masa illa shi ne wurin neman abinci. Wani rahoto da cibiyar Prison Policy Initiative ta fitar a Amurka a 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 27 cikin 100 na tsofaffin fursunonin da ke neman aiki ba su samu ba, adadin da ya zarce na rashin aikin yi da ƙasar ta gani ko a lokacin babban karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. Abin lura shi ne waɗannan mutane ne masu nema, ba waɗanda suka naɗe hannu suka zauna ba.

Yawancin masu son taimakawa sukan ɗauka cewa abin da tsohon fursuna ya rasa shi ne sana'a, don haka da zarar an koya masa walda ko ɗinki ko gyaran mota an gama da shi. Sana'a tana da muhimmanci ƙwarai, amma a ganina abin da ya fi rasawa shi ne amana, wato dalilin da zai sa wani baƙo ya yarda ya damƙa masa mabuɗin shago, ko kayan aiki, ko kuɗin ciniki. Duk mai neman aiki yana zuwa ne da shaidu a bayansa: takardar makaranta, wurin da ya yi aiki a baya, mutanen da za a tambaya su faɗi halinsa. Wanda ya fito daga kaso yakan zo da shaida guda ɗaya tak, ita ma a kansa take, ba a gefensa ba. Saboda haka duk wani shiri na taimaka masa ana iya auna shi da tambaya ɗaya, wato ko ya samar masa da wata sabuwar shaida, ko kuma wani wanda zai tsaya masa.

Girman tabon da ɗauri ke bari an auna shi a fili. Masaniyar zamantakewa Devah Pager ta tura samari zuwa wuraren ɗaukar ma'aikata 350 a birnin Milwaukee na Amurka, suna neman ƙananan ayyukan da ba su buƙatar wata ƙwarewa, an kuma daidaita takardunsu da shigarsu da yadda suke magana, ta yadda bambancin kawai shi ne wasu sun rubuta cewa sun yi zaman wata 18 a gidan yari kan laifin miyagun ƙwayoyi. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cewa a cikin fararen fata, kashi 34 na marasa tarihin laifi ne aka sake kira, amma masu tarihin kashi 17 kawai. A cikin baƙaƙen fata kuwa adadin ya faɗo daga kashi 14 zuwa kashi 5. Wato layi ɗaya a kan takarda ya raba damar mutum biyu ko fiye, tun kafin a ji ta bakinsa, sannan ya fi yin nauyi a kan wanda dama can ake nuna wa wariya.

Sai dai bai kamata a ɗauki mai ɗaukar aiki a matsayin mugu ba, domin duk wanda ya yi haka ba zai taɓa shawo kansa ba. Tsoronsa yana da tushe. Yana tunanin dukiyarsa, da lafiyar sauran ma'aikatansa, da abin da abokan ciniki za su ce idan suka ji, kuma a wasu ƙasashe doka tana iya kama shi da sakaci idan ya ɗauki mutum yana sane da tarihinsa sannan mutumin ya cutar da wani a bakin aiki. Kuskurensa shi ne yakan haɗa kowa a kwando ɗaya: wanda ya yi laifi yana ɗan shekara 19 da wanda ya yi jiya, wanda ya yi faɗa da wanda ya yi zamba. Binciken da masana Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura suka buga a Amurka a 2009 ya nuna cewa haɗarin sake aikata laifi yana raguwa shekara bayan shekara, kuma bayan kimanin shekara 4 zuwa 8 ba tare da wani sabon laifi ba, gwargwadon irin laifin da shekarun mai shi, haɗarin yana saukowa daidai da na sauran sa'o'insa a cikin jama'a. Hukumar da ke sa ido kan daidaito wajen ɗaukar aiki a Amurka, a jagorar da ta fitar a 2012, ta shawarci masu ɗaukar ma'aikata su duba abubuwa uku: irin laifin, tsawon lokacin da ya wuce, da kuma dangantakarsa da aikin da ake nema. Hankali ma abin da zai ba mutum ke nan. Babu mai cewa a ba wanda aka ɗaure kan cin zarafin yara aikin kula da yara, ko a ɗora wanda ya ci amanar kuɗi a kan baitulmali daga fitowarsa, amma babu dalilin da zai hana ɗayansu aikin gini ko tuƙin motar kaya.

Shiri kuwa dole ne ya fara tun mutum yana ciki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce tun daga farkon wa'adi ya kamata a fara tunanin makomar fursuna bayan sakinsa, sun kuma ce a tabbatar, gwargwadon iko, cewa ya fita da takardun shaida, da wurin kwana, da aikin da zai je, da tufafin da suka dace. Hujjar ilimi a nan tana da ƙarfi. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta tattara bincike masu yawa a 2013, ta gano cewa fursunonin da suka shiga shirin karatu ko koyon sana'a, yiwuwar komawarsu gidan yari ta yi ƙasa da kashi 43 idan aka kwatanta da waɗanda ba su shiga ba, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe kan karatunsu tana ceto dala 4 zuwa 5 na kuɗin sake tsare su. Amma a ɓangaren samun aiki bambancin kashi 13 ne kawai, kuma wannan tazara tsakanin alƙaluman biyu tana gaya mana cewa koyar da mutum ya fi sauƙi a kan buɗe masa ƙofa.

Wani bincike da aka yi kan fursunonin ƙasar Nowe, wanda aka buga a 2020, ya ƙara fito da wani abu da ya kamata a riƙe. Waɗanda ba su da aiki kafin a ɗaure su, zaman da suka yi a tsarin da ke ba horo muhimmanci ya ƙara musu samun aiki ya kuma rage musu komawa ga laifi, alhali waɗanda suke da aikinsu kafin ɗauri sun yi asararsa, kuma da yawa ba su farfaɗo da wuri ba. Ke nan mutum biyu da suka fito rana ɗaya suna iya buƙatar taimako iri biyu: ɗaya a gina masa abin da bai taɓa samu ba, ɗaya kuma a taimaka masa ya ɗinke abin da ya yage, wataƙila ta hanyar tuntuɓar tsohon maigidansa tun kafin ranar saki.

Akwai kuma horon da ke zama wahalar banza saboda ba a duba ƙarshensa ba. Sana'o'i da dama sai da lasisi, kuma hukumomin da ke ba da lasisin sukan hana duk mai tarihin laifi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta shafe shekaru tana amfani da fursunoni wajen kashe gobarar daji, suna sa rayukansu cikin haɗari, amma idan suka fito sai su tarar tarihinsu ya hana su takardar shaidar ba da agajin gaggawa da yawancin hukumomin kashe gobara ke nema. Sai a 2020 aka yi dokar da ta ba su hanyar neman a share musu tarihin cikin sauri. Duk mai tsara horo a gidan yari wajibi ne ya fara tambaya ko ana neman masu wannan sana'a a waje, ko injinan da ake koyo da su ana amfani da irinsu har yanzu, ko kuma doka za ta bar wanda ya koya ya ci abinci da ita. Yana da kyau kuma takardar shaidar da za a ba shi ta fito daga hukumar da kowa ke karɓar tata, kada ta zo da tambarin gidan yari da zai tona masa asiri a duk inda ya miƙa ta.

Makonnin farko bayan saki su ne mafi tsanani, kuma abubuwan da ke kayar da mutum a lokacin ƙanana ne a ido. Ba a ɗaukar mutum aiki sai da katin shaida, ba a biyan albashi sai da asusun banki, banki yana neman katin shaida da adireshi, mai gidan haya kuma yana neman shaidar cewa mutum yana da aiki. Wanda aka yi wa alkawarin za a kira shi, amma ba shi da waya, ya riga ya rasa aikin. Wanda ya yi shekara goma a ciki zai tarar cewa neman aikin kansa ya koma intanet, kuma fom ɗin da ake cikewa yana iya rufewa kafin ya gama lalubo haruffa. Hatta ranar sakin tana da tasiri: a Birtaniya an lura cewa wanda aka saka ranar Juma'a yana da 'yan sa'o'i ne kawai ya ga jami'in da ke sa ido a kansa, ya nemi masauki, ya karɓi magani, kafin ofisoshi su rufe har Litinin, shi ya sa aka yi doka a 2023 da ta ba da damar sakin mutum kafin ranar Juma'ar. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya kammalawa wata uku kafin mutum ya fito, in akwai wanda aka ɗora wa alhakinsu.

Bayan takardu akwai abin da zaman kaso ke yi wa ɗabi'a. Mutumin da ya yi shekaru ana faɗa masa lokacin tashi da na ci da na kwanciya, wanda ya saba tsayawa a bakin ƙofa har sai wani ya zo ya buɗe, ba zai koma mai tsara wa kansa yini a dare ɗaya ba. Ɗabi'un da suka kare shi a ciki, irin su ɗaure fuska, da ƙin haɗa ido, da ƙin nuna cewa bai san abu ba, da mayar da martani nan take ga duk abin da ya yi kama da raini, su ne za su kore shi daga aiki a waje. Shugaban ma'aikata zai ɗaga masa murya a gaban mutane kan ƙaramin kuskure, kuma abin da zai yi a cikin daƙiƙa biyar masu zuwa shi zai raba tsakanin zama da kora. Wannan ana koyonsa ne da maimaici, a zauna da shi a kwaikwayi yanayin sau da yawa har ya saba. Idan kuma akwai matsalar shaye-shaye ko ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta yi yawa a tsakanin fursunoni, to tura mutum aiki ba tare da magani ba shirya masa faɗuwa ne.

Lokacin da ya fi kowanne nauyi a ganawar neman aiki shi ne sa'ad da mai tambaya ya sa yatsa a kan takarda ya ce, daga shekara kaza zuwa kaza me kake yi? Wanda ba a shirya ba yakan yi ɗayan biyu: ko ya yi ƙarya, wadda in ta tonu daga baya za ta zama sabon dalilin kora mai zaman kansa, ko ya shiga dogon labari yana kare kansa, yana zargin 'yan sanda da lauya da abokai. Abin da masu horarwa ke koyarwa shi ne amsa gajeriya ta gaskiya: mutum ya faɗi cewa an ɗaure shi da kuma a kan me, cikin jimla ɗaya ko biyu, ya ɗauki alhakin abin da ya yi ba tare da kame-kame ba, ya faɗi abin da ya yi da lokacinsa a ciki da abin da ya sauya, sannan ya dawo da zancen kan aikin da ake nema da abin da zai iya yi. Minti ɗaya ya isa. Ya kamata kuma ya san haƙƙinsa tun kafin ya shiga, wato abin da doka ta wajabta masa ya bayyana da abin da ba ta wajabta ba, domin ba kowane tsohon laifi ne ake bin mutum bashin faɗarsa har abada ba.

A nan ne dokoki suka shigo, kuma a nan ne aka fi samun saɓani. Hanya ta farko ita ce jinkirta tambayar. Jihar Hawai ta Amurka ce ta fara, a 1998, hana masu ɗaukar aiki tambayar tarihin laifi a matakin farko, daga baya jihohi da birane da dama suka bi sahu wajen cire akwatin tambayar daga fom, har gwamnatin tarayyar Amurka ta yi wa ma'aikatunta da 'yan kwangilarta irin wannan doka a 2019. Manufar tana da kyau, wato a ga mutum kafin a ga laifinsa. Amma masu bincike Amanda Agan da Sonja Starr, da suka aika takardun neman aiki na gwaji kimanin 15,000 a New Jersey da birnin New York kafin dokar da bayanta, sun gano cewa a kamfanonin da suka cire tambayar, fifikon da farar fata ke samu a kan baƙar fata wajen sake kira ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 43. Da aka hana masu ɗaukar aiki tambaya, sai wasunsu suka koma yin zato bisa launin fata, kuma waɗanda ba su taɓa yin laifi ba suka biya kuɗin zaton. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar soke dokar ba, amma ya nuna cewa rufe bayani ba ya cire tsoro, sai dai ya sauya masa mazauni.

Hanya ta biyu ita ce share tarihin bayan wani lokaci. Birtaniya tana da doka tun 1974 da ta ce yawancin hukunce-hukunce suna faɗuwa bayan wasu shekaru, ta yadda mutum ba ya buƙatar ambatonsu a yawancin ayyuka, ban da masu hatsari irin kula da yara da marasa ƙarfi. A jihar Michigan ta Amurka bincike ya nuna cewa albashin waɗanda aka share wa tarihi ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin shekara guda, amma kashi 6.5 ne kawai na waɗanda suka cancanta suka samu sharewar cikin shekara biyar, saboda wahalar takardu da kuɗi da rashin sani. Irin wannan matsala ce ta sa jihar Pennsylvania ta yi doka a 2018 da ke rufe wasu tarihin kai tsaye ba sai an nema ba. Sai dai sharewa tana amfanar wanda ya daɗe da fita ne, alhali wanda ya fi buƙatar taimako shi ne wanda ya fito makon jiya.

Shi wannan ba abin da zai yi masa amfani kamar a samu mai tsaya masa, kuma shirye-shiryen da suka fi burge ni su ne waɗanda suka fahimci haka. Tun 1966 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka take ba da inshora kyauta, daga dala 5,000, ga mai ɗaukar aikin da ya ɗauki irin waɗannan mutane, wadda za ta biya shi idan ma'aikacin ya yi masa sata ko zamba cikin wata shida na farko. Japan tana da rajistar kamfanonin da suka amince su ɗauki tsofaffin fursunoni suna sane da tarihinsu, yawancinsu ƙananan kamfanonin gine-gine, tare da dubban 'yan sa kai da ke bibiyar waɗanda aka saka a unguwanninsu. Singafo ta ƙaddamar da gangamin Yellow Ribbon a 2004 don sauya tunanin jama'a da na kamfanoni, tana kuma haɗa fursunoni da masu ɗaukar aiki tun kafin su fito. Kamfanin Timpson na Birtaniya, mai gyaran takalma da yanka mabuɗi, ya buɗe wuraren horo a cikin gidajen yari, kuma kimanin kashi 10 na ma'aikatansa tsofaffin fursunoni ne. Shugabansa na wancan lokaci James Timpson ya zama ministan gidajen yari a 2024. Haka nan tsarin barin fursunan da ya kusa gama wa'adi ya fita aiki da rana ya dawo da dare yana ba maigida damar gwada mutum alhali akwai hukuma a tsakaninsu, shi kuma ma'aikacin ya fito da watanni na shaidar aiki a hannunsa.

Dole ne kuma a faɗi gaskiya cewa ba kowane aiki ne ke raba mutum da laifi ba, kuma ba kowa ne aiki ke yi wa tasiri iri ɗaya ba. Masanin zamantakewa Christopher Uggen na Amurka ya nuna a 2000 cewa ba da aiki ya rage komawa ga laifi a tsakanin waɗanda suka kai shekara 27 zuwa sama, amma bai yi wani tasirin kirki a kan matasa ba, waɗanda ke buƙatar karatu da reno da raba su da tsofaffin abokai fiye da albashi kawai. Wata ƙungiya a New York mai suna Center for Employment Opportunities tana ba waɗanda suka fito aikin wucin gadi nan take, tana biyan su a ƙarshen kowane yini, domin wanda ba shi da na abincin dare ba zai iya jiran ƙarshen wata ba. Da aka gwada shirin, an ga ya rage komawa ga laifi, musamman ga waɗanda suka shiga cikin wata uku da fitowarsu, amma ƙarin samun aikin ya dusashe bayan aikin wucin gadin ya ƙare. Matsalar tana wurin tsallakawa daga aikin tallafi zuwa aiki na dindindin mai albashin da zai riƙe iyali. Su ma masu cewa a ba su jari kawai su kama sana'ar kansu, tunda mai sana'ar kansa ba ya cike fom, suna da gaskiya a wani ɓangare, amma jari a hannun wanda ke da bashi da tara da iyalin da suka daɗe suna jiransa yakan tafi kafin a sayi kayan aiki, in ba a haɗa shi da mai ba shi shawara da kuma kasuwa ba.

Mata suna da nasu nauyin na daban. Da yawansu su ne masu kula da 'ya'ya, ƙyamar da ake nuna musu takan fi ta maza tsanani, sana'o'in da aka fi ɗaukar mata kamar jinya da reno su ne suka fi tsananta binciken tarihi, kuma ƙa'idojin Bangkok na 2010, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan kula da fursunoni mata, sun buƙaci a tsara musu shirin komawa cikin jama'a da ya dace da halinsu.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ranar da aka ɗauki mutum aiki ba ita ce ranar da taimako zai ƙare ba, domin a watannin farko ne ake rasa yawancin ayyukan. Jami'in da ke sa ido zai sa masa ranar ganawa a tsakiyar lokacin aiki, abokin aiki zai gano tarihinsa ya yaɗa, wani abu zai ɓata a wurin aiki kowa ya juyo ya dube shi, ko masaukinsa ya kufce ya fara makara. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya warware shi da kiran waya ɗaya idan maigidan yana da lambar wani wanda ya san ma'aikacin, wanda zai zo a zauna a yi magana kafin a kai ga kora. Saboda haka ƙungiyar da ta kai mutum wurin aiki ya kamata ta ci gaba da bibiyar su biyun, shi da maigidan, aƙalla wata shida zuwa shekara, kuma masu ba ta kuɗi su auna ta da yawan waɗanda ke kan aikinsu bayan shekara guda, maimakon yawan waɗanda aka ɗauka a makon farko.